Shekara Ukun da Na Hana Tanko Kaɗa Mini Take

A watan nan Tanko makaɗin kalangu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ni ne Audu ɗan Bawa, tsohon mahauci a Agege, abokinsa tun muna yawo ba wando. Bokona a aji biyu ya tsaya, shi ma malamin ne ya roƙi babana ya ɗauke ni ko sauran yara sa samu su yi karatu. Don haka duk inda kuka ga magana ta karkace, ku yi haƙuri, haka mai ita yake.

Motar shanu ɗaya ta kawo mu Ikko daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, ni da wuƙata, shi da kalangunsa a cikin buhu. Ga wanda bai tashi cikin mahauta ba, kowane gidan fawa yana da takensa, wato ’yar gajeriyar magana da kalangu ke faɗa, wadda ba ta kowa ba ce sai ta wannan gida. In aka kaɗa taken gidanku a bainar jama’a, dole ka fito fili ka amsa da kirari, ko da loma ce a bakinka. Namu, da sunan kakanmu Bawa, cewa yake, “Ɗan Bawa, wuƙarka ba ta tsatsa.” Mahaifin Tanko ne ya kaɗa wa mahaifina, Tanko ya gada yana kaɗa mini.

Kowace shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah, in hannuwanmu sun huta da fiɗar raguna, mukan yi wasa a wani fili bayan layin dogo, daga la’asar zuwa kiran magariba. Mutanen Alaba Rago su zo da warin tumaki a jikinsu, ’yan dakon Ketu su zo, na Sabo Yaba su zo da ƙamshin ƙuli. Ba mu da dandamali, bencina aro ne, lasifikarmu ɗaya ce, ita ma tari take. Amma matan Yarabawa masu sayar da abinci sukan bar tukwane a kan wuta su leƙo, direbobin danfo, wato motocin haya, su tsaya su tare hanya ana ta yi musu hon. Tanko ba ya duban kalangunsa in yana kiɗa, fuskoki yake bi. Sai ya hango mutum can baya, wanda ya shekara biyar bai je gida ba, ya saki taken kakansa. Nan za ka ga ƙaton da ke saɓa cinyar sa a kafaɗa yana share ido da hularsa.

Ana nan sai Allah ya kira ni Makka. Na dawo da haƙorin zinare da wata sabuwar tafiya da ban san ina da ita ba. Tanko ya zo yi mini barka, tun daga bakin ƙofa ya fara sakin takena. A gaban baƙi na ɗaga masa hannu na ce, “Tanko, daga yau ka daina kaɗa mini take. Na wuce nan.” Ya dube ni, ya mayar da kalangun bayansa, ya ce, “To, Alhaji. Allah ya karɓi ibada.” Ba wani malami ne ya sa ni ba, kada in ɗora wa kowa. Gani na yi kawai Alhaji guda ba ya tsalle a fili. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa har da kunne biyu na naɗa nawa.

Ja’irin ya riƙe maganata kamar wasiyya. Gaisuwa ba ta yanke ba, muna cin tuwo kwano ɗaya, amma ranar wasa sai ya kaɗa wa na damana, ya kaɗa wa na haguna, in ya iso kaina ya ɗan rusuna ya ce, “Barka da hutawa, Alhaji,” ya wuce. Ni kuwa ƙafata na ta motsi a ƙarƙashin babbar riga, ina danne ta da ɗayar. Shekara uku a haka. Mai ɗakina Ladi ta gaji ta ce, “Malam, ka je ka ba shi haƙuri mana. Duk ranar wasa sai ka dawo ka ƙi cin abinci.” Na ce, “Wa ya ce miki kiɗa ne ya dame ni? Gishiri ne ya yi yawa.” Ta ce, “Sau ɗaya a shekara gishirin ke yawa?” Magana zarar bunu ce. Na san hanyar gidansa ido a rufe, amma bakin da ya ce “na wuce nan” ya kasa cewa “na dawo.”

A shekara ta huɗu ciwo ya ci jikin Tanko. A kan kujera ya yi kiɗan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kowa ya gani, ba wanda ya furta. Na maƙale can baya, bayan teburin wani mai shayi. Rana ta yi ja, an kusa tashi, sai na ji kalangu ya ce, “Ɗan Bawa…” ya tsaya. Tanko ya ɗaga gular kiɗan sama ya bar ta a nan. Bai karya alkawari ba, ai bai kaɗa take ba, rabi ya kaɗa. Filin nan ya yi tsit har ana jin man ƙosai na tafasa. Duk aka waiwayo. Tanko bai sauke hannun ba. Sai wani tsohon mahauci ya ce, “Haba Alhaji, hannun bawan Allan nan ya gaji.”

Ban san lokacin da na tuɓe babbar rigar na yar ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Na buɗe baki zan yi kirarin da na shekara uku ina bita a banɗaki, sai murya ta fito kamar ta zakara mai mura: “Sai ni ɗan Bawa! Ƙarasa, Tanko, don girman Allah ƙarasa!” Ya ƙarasa. Ya sake, ya kuma sakewa, fili ya ɗauka da ihu, ni kuwa na yi rawar da ta sa na kwana biyu ana gasa mini baya. Da na durƙusa gabansa ina haki, abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe ba su karɓe ƙafar a Makka ba.” Bai ga wata Sallar ba.

Yau shaguna sun cinye filin. Kwanaki jikokina suka ja ni wani babban wasa a cikin gari. Ba zan yi ƙarya ba, sautin ya yi daɗi, har ƙirjina ke amsawa. Mawaƙin na can nesa cikin fitilu, dubban yara sun ɗaga wayoyi suna ɗaukarsa. Na yi ta tunanin me Tanko zai ce. Ba zai kushe ba, mutum ne mai son sabon abu, da yana nan har sai ya nemi ya taɓa kayan kiɗan. Ina jin dai zai raɗa mini, “Audu, shi yana ganinsu kuwa? Ya san wanda ya yi kewar gida a cikinsu?” Su suna da hoton wasansu a waya. Namu ba wanda ya ɗauka, amma ka tare duk tsohon da ya halarta, zai nuna maka daidai inda hannun Tanko ya tsaya a sama.

Bai bar gida ba, bai bar faifai ba, ’ya’yansa ba wanda ya ɗauki kalangu. Abin da ya bari yana jikin mutanen da ya kira da sunan iyayensu a garin da ba wanda ya san iyayen, kuma mu ɗin muna ta raguwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a kaɗa mini take ba. Wannan hukuncin Allah ne, ba ni da ja. Ukun nan da na hana da bakina, yana raye, yana tsaye a gabana da gula a hannu, su ne har yau ban yafe wa kaina ba. Allah ya jiƙan Tanko, ya yi masa sakayya da irin haƙurin da ya yi da ni.