Zanen Samira da Kokon da Na Manta

Har gobe ban manta da wata Laraba a Djougou ba, ranar da na tafi nuna ilimi na dawo da kunya. Shekarata ta uku ke nan ina koyar da darasin zare da yadi a wata makarantar zayyanar tufafi a Parakou, kuma in faɗi gaskiya, lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Ga ƙa'idarmu: ɗalibin ajin ƙarshe ba ya samun diplom, wato takardar kammalawa, sai ya kawo wa alƙalan jarrabawa rigar da shi ya saƙa yadinta, ya rina, ya ɗinka. Wata ɗalibata, Samira, ta yi wata huɗu a kan masaƙa kafin ta gama farin zanenta. Shi kaɗai gare ta, saura mako biyu jarrabawa. In ya lalace, sai baɗi.

Rinin shuni take so, don haka na kwashe ajin zuwa Djougou, karofin wani dattijo, Alhaji Idi, wanda ya gaji rini tun kakanni. Na sauka da 'yar takardar gwajin ruwa, wadda ke canza launi ta nuna ƙarfin tokar da ke cikin ruwan rini. Na tsoma a ramin farko, na yatsine fuska. Na tsoma a na biyu, na yi wa yara lacca da Faransanci cewa ruwan bai yi ba, har da ɗaga yatsa. Alhaji yana zaune yana kallona.

Da na gama, sai ya dubi Samira ya ce, "'Yata, miƙo zanen."

Ya murza bakin zanen, ya shinshina, sai kawai ya sa a baki ya tauna. Yara suka fara ƙunshe dariya.

"Mushe, ruwana lafiyarsa lau," in ji shi (monsieur ke nan, yadda ake kiran malami a can). "Zanenku ne bai yi wanka ba. Har yanzu da koko a jikinsa."

Nan take na gane. Kafin saƙa ana jiƙa zare da koko don kada ya riƙa tsinkewa, kuma dole a wanke shi tas kafin rini, in ba haka ba shuni ya kama dabbare-dabbare. Ni da kaina na sa Samira ta yi kokon. Ni kuma na manta ban ce ta wanke ba.

"Mushe, da gaske ne?" in ji Samira.

"Da gaske ne, laifina ne."

Alhaji ya miƙo mini zanen. "Ɗanɗana mana, kada ka ce tsoho ya yi maka ƙage."

Na tauna a gaban ɗalibai goma sha biyu. Koko ne sak, sukari kawai ya rasa. Ranar har direban motarmu sai da ya yi dariya da hawaye.

Muka dafa zanen, muka shanya, washegari aka rina. Ya fito shuɗi sumul, babu tabo ko ɗaya. Da alƙalai suka tambayi Samira sirrin, cewa ta yi, "Mushe ya gwada ruwa, Alhaji ya gwada zane." Ta ci jarrabawarta, na yi murna kamar ni aka ba diplom ɗin.

Ku da kuka fara koyarwa bana, abin da na koya ke nan: in ka kai aiki wurin mai sana'a, fara binciken abin da ke hannunka kafin ka zargi nasa. Saura ƙiris in jawo wa yarinya asarar shekara guda, ina tsaye ina lacca.