Ranar da Gwaggo Pindar Ta Rama

Gwaggo Pindar yayar mahaifina ce. Daga ƙauyenmu na ƙasar Biu ta biyo mijinta Maiduguri a shekarar 1972, lokacin da ya samu aikin lebura a tashar jirgin ƙasa. Shekara huɗu suka yi ya rasu, ya bar mata ɗaki ɗaya a Moduganari da babbar tukunya. Ba ta taɓa haihuwa ba. Da tukunyar nan ta riƙe kanta: ta yi sammako zuwa Kasuwar Shanu ta sayo kai da ƙafa, ta babbake, ta kankare, ta dafa farfesu, kafin la'asar direbobi sun share shi tas. Ni Edith na zo wurinta a 1981 ina budurwa, don koyon ɗinki. Na faɗi wannan tun yanzu don a san ɓangaren da nake. A bayanta nake, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Aikinta na biyu ba a biyanta ko sisi. Duk macen da ta rasu a cocinmu, Gwaggo ke yi mata wanka. Ba ta yarda da ruwan sanyi, sai mai ɗumi, wai wadda ta mutu ma mutum ce. Abu na farko da take yi idan ta shiga ɗaki shi ne ta yagi ƙyalle ta ɗaure haɓa da ka, ta rufe idanu, ta miƙe ƙafafu, domin a zafin Maiduguri gawa ba ta jiran kowa, da ta sandare shi ke nan. Sai wanka, sai kitso, sai hoda, sannan ta ɗaura mata zanen Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci. Tana yi tana yi wa gawar magana a hankali da Bura, yarenmu: bari in ɗaga hannunki, yi haƙuri zan juya ki. A wurinmu uwa ba ta wanke 'yarta, 'ya ba ta wanke uwarta. Shi ya sa kowane gida a cocin nan ya san ranar da zai nemi Gwaggo.

A 1984 Malama Florence, malamar firamare, ta je taron falkaswa, wato wa'azin farfaɗo da bangaskiya, a Jos, ta dawo tana magana da harsuna, yaren da ba wanda ya sani da ake cewa Ruhu Mai Tsarki ke sa wa mutum a baki. Ba zan ce ƙarya take yi ba. Na ga hawaye a fuskarta tana addu'a, kuma na yarda ta ji wani abu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ta mayar da baiwar nan ma'auni, ta tsaya tana auna mutane da shi kamar mai awon gero. Cikin wata shida aka zaɓe ta shugabar zumunta. Kowace Alhamis sai mata su durƙusa, ta bi su tana ɗora hannu, bakinsu ya ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta durƙusa Alhamis uku a jere, da gwiwoyinta masu ciwo. Aka danna kanta, aka yi mata ihu a kunne, aka ce ta saki harshe. Ta buɗe baki da zuciya ɗaya, ba abin da ya fito sai Addu'ar Ubangiji da ta haddace tun tana yarinya.

Alhamis ta huɗu ina wurin, a bencin baya. Malama Florence ta karanta inda aka ce reshen da ba ya ba da 'ya'ya sare shi ake yi. Ta rufe Littafi, ta ce Ruhu ya nuna mata cewa hannun da bai karɓi baiwa ba bai kamata ya taɓa jikin tsarkaka ba, kuma yi wa matattu magana sauran al'adar duhu ce. Da a nan ta tsaya, wataƙila da an shanye. Sai ta dubi Gwaggo ta ce, "Mama Pindar, ki tambayi kanki. Itacen da Allah bai ba shi 'ya'ya ta nan ba, bai ba shi ta can ba, mene ne a gindinsa?"

Mata kusan arba'in ne a ɗakin. Rabinsu Gwaggo ta wanke iyayensu ko ƙannensu. Ko ɗaya ba ta yi tari ba.

Gwaggo ta tashi, ta kwance zanen zumunta daga kan zanenta na ciki, ta ninke shi sau huɗu, ta ajiye a kan benci, ta fita. Na bi ta har ƙofar gida. Can ta ce, "Edith, ki zama shaida. Ba zan ƙara taɓa gawa a cocin nan ba. Mutuwa kuma ta san hanyar gidan Florence kamar yadda ta san ta kowa. Zan jira ta."

Na ce amin, da ƙarfi kuwa.

Fasto Dzarma ya zo gida washegari, dattijo mai sanyin hali wanda ke tsoron kada coci ya rabu biyu a hannunsa. Ya zauna a kan turmi ya buɗe wasiƙar Galatiyawa a Littafi Mai Tsarki, ya lissafa mata 'ya'yan Ruhu da yatsunsa: ƙauna, salama, haƙuri, kirki, kamun kai da sauransu. Ya ce ta duba da kyau, harsuna ba sa cikin wannan jerin, baiwa ce da ake ba wani a hana wani. Gwaggo ta ce, "Baba Fasto, ni ka zo gaya wa a tsakar gida? Je ka faɗa ranar Lahadi a kan bagade, Florence tana zaune." Bai faɗa ba. Ya yi wa'azi a kan Yunusa da kifi.

Ba ta daina zuwa coci ba. Tana zama a baya, ta yi waƙa, ta ba da baikonta na kuɗin coci, ta fita. Mutuwar farko bayan haka ta wata tsohuwa ce, a watan Afrilu. Matan zumunta suka kewaye gawar suna addu'a da harsuna har awa uku, ba wadda ta tuna ta miƙe ƙafafun. Da kyar murfin akwati ya rufu. Da labari ya iso mana na yi dariya har na soke yatsana da allura, kuma ban ji kunya ba. Dattawan coci suka zo roƙon Gwaggo, ta ba su ruwa, ta raka su ƙofa. Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti a cikin membobi ta karɓi aikin, tana yi sama-sama. Maƙwabciyarmu Kaltum, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ta taɓa ce mata, "Pindar, wannan fushi naki ya yi shekara nawa? Ko ɗan da aka haifa ranar ai ya shiga makaranta." Gwaggo ta ce bai ƙare firamare ba tukuna.

Shekara bakwai ta jira. A makon Ista na 1991, ranar Asabar, rabin coci sun tafi ƙauye, har da ma'aikaciyar asibitin. Da hantsi aka ce Naomi, 'yar Malama Florence ta fari, ta rasu wajen haihuwa. Shekararta ashirin da biyu. Na san ta, ni na ɗinka mata kayan aure, yarinya mai yawan dariya da ke sayen farfesun Gwaggo a ɓoye don kada uwarta ta sani. Aka kawo gawar gida, aka sa jana'iza ƙarfe huɗu saboda zafi.

Kafin azahar Malama Florence ta shigo gidanmu ba takalmi, ba ɗankwali. Gwaggo tana kankare ƙafar saniya a bakin murhu. Matar nan da ta saba tsayawa a kan mutane ta zube a ƙasa cikin toka.

Ta ce, "Mama, na yi miki laifi. Ki yi mini duk abin da kike so. Amma ki zo ki shirya mini Naomi. Ba kowa, Mama. Matan da suka rage tsoro suke ji."

Gwaggo ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce, "Hannun nan? Ai bai karɓi baiwa ba."

"Mama, don Yesu."

"Ku da kuke da Ruhu, ku kewaye ta ku yi mata harsuna. Ni busasshen reshe ce, an sare ni tun 1984. Tashi ki tafi, rana tana yi."

Ina tsaye a ƙofar ɗaki da almakashi a hannu, kuma gaskiya zan faɗa: daɗi na ji, har cikin ƙashina. Shekara bakwai ina tsara wannan rana a kaina, ga ta ta zo daidai yadda na so, har da tokar a gwiwa. Malama Florence ta daɗe a durƙushe, sannan ta tashi ta fita tana dafa bango. Gwaggo ta gama kankare ƙafar, ta dafa, ta sayar. Ranar har gyara ta yi ta yi wa masu saye.

Gab da ƙarfe huɗu ta yi wanka ta ce mu je coci. Na san ba ta'aziyya za ta kai ba, so take ta ga aikinsu da idonta. Ni ma shi nake so in gani. A bakin ƙofa muka ji cewa Malama Florence ce ta wanke 'yarta da kanta, ita kaɗai, abin da ba a taɓa yi ba a cikinmu.

Aka buɗe akwati don ganin ƙarshe, muka shiga layi, Gwaggo a gabana. An ɗaura wa Naomi zanen zumunta a karkace. Gashinta a tsefe yake, rabi a cikin ɗankwali rabi a waje. Ba a ɗaure haɓar ba. Bakinta a buɗe yake, buɗewa sosai, yadda ta bar shi a kukan naƙuda na ƙarshe, kuma haka mijinta da ƙannenta da duk garin suka wuce suka gan ta.

Gwaggo ta tsaya, layi ya tsaya a bayanmu. Na ga hannunta ya tafi da kansa, ta sa tafi a ƙarƙashin haɓar ta tura a hankali. Bai motsa ba. Ta ƙara turawa, tana magana ƙasa-ƙasa da Bura, yi haƙuri, 'yata, bari in rufe miki. Ita ta fi kowa a cocin nan sanin cewa lokacin ya wuce tun tana bakin murhu. Sai ta gyara ɗankwalin, ta tura gashin ciki, iyakar abin da ya rage ke nan.

Ba mu je maƙabarta ba. Muka dawo gida, ta zauna a kan turmi da kayan cocinta. Ni kuwa bakina bai mutu ba, don har yau ban yafe wa Malama Florence ba, kuma ba na jin zan yafe. Na ce, "Gwaggo, ita ta jawo. Yau ta san itacen da ke da 'ya'ya."

Ta dubi tafin hannunta. Sannan ta ce, "Florence na jira shekara bakwai, Edith. Florence tana can da ranta, gobe za ta ci tuwo. Wadda na bari ta tafi wurin Ubangijinta baki buɗe, me ta yi mini?"