Baƙin Salatif ɗin Anti

Kowa a layin Mijin Anti yake ce masa, har yaran da aka haifa bayan ya yi furfura. Sunan bai taɓa damunsa ba. Ƙuruciyarsa duk a bayan sitiyarin bas ɗin wani kamfanin saƙa ta ƙare, ya kwaso ma'aikata da safe ya mayar da su da yamma, a can ma direba kawai ake cewa. Ita kuwa Anti, matarsa, shagon buga takardu gare ta a bakin titi, tsakanin mai sayar da magani da mai ɗinkin labule. In tana aiki, daga tsallaken titi ana jin yatsunta kamar an fara yayyafi a kan kwano. Da ya yi ritaya sai ya samu kujera a ƙofar shagon, da rediyonsa, yana miƙa wa mutane takardunsu yana cewa su duba da kyau kafin su tafi.

Kwamfuta biyu gare ta. Babbar tana kan teburin gaba, ita take kira ta jama'a, kowa ya zo da filash ɗinsa nan ake cusawa: ɗalibi, ɗan kwangila, mai neman aiki. Ƙaramar kuwa a aljihun tebur take kwana cikin tsohon mayafi, ba ta fitowa sai ƙarshen wata in za a shiga banki. Duk kafofin da ake saka filash a jikinta Anti ta liƙe su da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Yakan tsokane ta da cewa ta ɗaure wa baiwar Allah baki kamar mai ciwon haƙori. Ita kuma ta ce ya ji da giyar motarsa, ya bar mata nata. Akwai ranar da ta tsaya ta yi masa bayanin dalili tiryan-tiryan, amma ana ƙwallo a rediyo, ya yi ta gyaɗa kai har ta gama.

Ciwon Anti bai yi tsawo ba. Bayan masu zaman makoki sun watse, 'yarsu Auta ta koma garin da take aikin jinya, gidan ya yi shirun da har ƙarar firij ake ji daga ɗaki. Sai ya ɗauki mukulli ya je ya buɗe shago. Ba wai ya yanke shawara ba ne, ƙafarsa ce ta saba da hanyar. Fotokwafi ya iya. Bugu kuwa da yatsa ɗaya yake yi, tabarau a ƙarshen hanci, yana neman kowane harafi kamar wanda allura ta faɗi masa a yashi. Masu sauri suka koma wani shagon. Masu kunya suka ci gaba da zuwa.

Ƙarshen wata yakan warware mayafin, ya kunna ƙaramar, ya danna inda ya saba ganin tana dannawa. Shafin banki ya buɗe, sai akwatin kalmar sirri ya cika da ɗige-ɗige baƙaƙe shi kaɗai, ba tare da ya taɓa komai ba. Bai san me ta rubuta a wurin ba, kwamfutar ce ta riƙe. Yakan zauna ya kalli ɗige-ɗigen nan na ɗan lokaci, hannunsa a kan gwiwa. Ba kuka yake yi ba, ba kuma tunanin wani abu yake yi ba. Kallo ne kawai. Sannan ya danna, ya biya hayar shago da wuta, ya naɗe ta ya mayar. A duk abin da Anti take yi masa a duniya, wannan kaɗai ne bai tsaya ba.

Wata safiya babbar ta ƙi tashi. Ya kashe ya kunna, ya bubbuga gefenta yadda yake yi wa bas in ta yi gardama, ko tari ba ta yi ba. Ana cikin haka wata malamar makaranta, tsohuwar mai hulɗa da Anti, ta shigo da filash a hannu tana haki. Tambayoyin jarrabawa ne, gobe da safe za a zauna, firintar makarantarsu ta mutu. Ta ce ta san da Anti na nan ba za ta bar ta ta fita hannu sake ba. Ya dubi babbar, ya dubi aljihun tebur. Kwamfuta ai kwamfuta ce. Ya fito da ƙaramar, ya sa farcen babban yatsa ya ɓare salatif ɗin, ya manna shi a gefen tebur don kada ya ɓata. Takardu suka fito tsaf. Malama ta yi ta sa albarka, ta ce ai ga shi ya gaji Anti.

Daga ranar ƙaramar ta canza hali. Fankarta ta riƙa huci ko ba a aikin komai, wani baƙin akwati ya riƙa ƙiftawa a fuskarta ya ɓace. Ya ce tsufa ne, kowa ma haka yake yi.

Da wata ya ƙare ya shiga banki kamar kullum. Ɗige-ɗigen suka cika, ya kalle su, ya danna. Sai wani sabon akwati ya fito, da tambarin bankin da komai, yana cewa don tsaron asusunsa ya rubuta lambobin da aka turo masa a waya. Wayar kuwa ta yi ƙara a aljihu. Ya cire tabarau na nesa ya sa na kusa, ya karanta lamba ɗaya, ya nemo ta a madannai, ya koma wayar ta riga ta yi duhu, ya sake kunna ta. Kafin ya kai ta ƙarshe akwatin ya ce lokaci ya wuce. Aka turo wasu. Su ma haka. Sai ya kira Auta, ba don tsoro ba, don ya yi mata ƙorafin bankin da ba ya jiran dattawa.

Auta ta ce ya karanto mata saƙon gaba ɗaya, ba lambobin ba, rubutun da ke sama da su. Ya karanto a hankali. Saƙon cewa yake yi lambobin na amincewa ne da tura kuɗi zuwa wani asusu, kada a ba kowa. Ya ji hayaniyar asibitin a bayanta ta yi nisa, alamar ta fita waje.

"Baba, ka rubuta su duka?"

"Ban kai ba. Sauri gare su."

"To Allah Ya yi wa yatsan nan naka albarka. Cire hannunka. Zare wayar intanet ɗin daga bango, kada ka kashe komai, kada ka danna komai. Baba, salatif ɗin Mama yana nan?"

Ya dubi gefen tebur. Yana nan, ya ce, amma ba a inda ta sa shi ba.

Injiniya mai gyaran kwamfuta yana bayan layin, mutum mai yawan magana da tsinken sakace a baki. Ya zo ya duba, ya yi tsaki, ya ce bairos ne, daga filash ya shigo, irin wanda yake laɓewa ya jira a buɗe banki. Ya ce filash ɗin makaranta ai ya fi kujerar mai aski ganin jama'a. Kwamfutar banki ba a saka mata abin kowa, ba a buɗe saƙon kowa a cikinta, abin da Anti take nufi ke nan. Ya tura Mijin Anti banki da ƙafarsa, da katin shaidarsa, a rufe shiga ta intanet tukuna. Matar da ke kan teburin bankin ta duba ta ce babu abin da ya fita. Ta ce su ba sa neman lambobin nan don tsaro, duk wanda ya nema ɓarawo ne ko da tambarinsu ya zo. Ya ce to. Ya ji kamar labarin wani ake ba shi.

Da ya dawo Injiniya ya ce saura wanki. Hotuna da takardun Anti zai kwashe ya tace su ya ajiye masa, sauran kuwa sai an share komai an sake zubawa, in ba haka ba gobe ma ga baƙon nan zaune.

"Ɗige-ɗigen fa?" in ji Mijin Anti.

Injiniya bai gane ba sai da aka nuna masa akwatin. Ya cire tsinken daga baki.

"Baba, waɗannan ai ɓarawon ma yana da su yanzu. Ko na bar su ba za su ƙara buɗe maka komai ba. Amma in kana so, kafin in share, zan iya nuna maka abin da ta rubuta."

Mai ɗinkin labule yana ta taka kekensa ta bayan bango. Wata mota ta yi ham a titi, wani ya rama. Mijin Anti ya daɗe yana kallon layin ɗige-ɗigen, bai ji komai ya motsa a ƙirjinsa ba, sai dai ya lura bai taɓa ƙirga su ba, kuma yanzu ma ba ya so.

"A'a. Nata ne. Share."

Aikin ya ci yinin. Da yamma kwamfutar ta tashi da fuska shuɗiya irin ta sabuwa, fankar ta yi shiru. Injiniya ya sa mata maganin bairos, ya ce in ta nemi sabuntawa a bar ta ta yi, sannan, da banki ya sake buɗe hanyar shiga, ya juya baya yana kallon titi don Baba ya zaɓi tasa kalmar sirrin. Akwatin ya tsaya fari fat yana jira. Ya sa tabarau na kusa, ya nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa ɗaya. Kwamfutar ta tambaya ko ta riƙe masa. Injiniya, ba tare da ya juyo ba, ya ce ya ce mata a'a.

Bayan ya tafi, Mijin Anti ya ɓare tsohon salatif daga gefen tebur ya gwada mayar da shi. Ya riga ya sha ƙura, ya ƙi kamawa. Ya tsallaka titi ya sayo sabo wurin mai kayan wuta, ya yanka da haƙori, ya liƙe kafofin duka, ya bi kowanne da babban yatsa har ya kwanta. Tsohon ya sa a aljihun riga. Ya naɗe kwamfutar cikin mayafin, ya rufe aljihun tebur, ya ja kujerarsa zuwa ƙofa ya kunna rediyo.