Yaren da Baffa ya ƙera mana mu biyu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, wanda muke kira Baffa. Duk shekara idan watan ya zagayo mukan taru a gidanmu na Ƙofar Wambai, a soya waina, a raba sadaka, a yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kansa a jarida ba. Taron bana ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na baro gidan da wata kunya da har yau ba ta sake ni ba. Tun da an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa ta yadda take.

Baffa tafinta ne a kotu. Yana jin Fulatanci da Hausa da Turanci, ga Jaranci da ya tsinta a wurin aiki, ga ɗan abin da ba a rasa ba na wasu yarukan ƙasar Bauchi. Iyayensa Fulani ne da suka sayar da shanu suka shigo birni, amma ba su sayar da kunyarsu ba. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da wannan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yaba shi ko da ya ciyo na ɗaya a makaranta. Idan Baffa yana nemana, cewa yake, "Ina yarinyar nan?" Kakarmu Goggo kuwa, mahaifiyarsa, tana zaune a tsakar gida da carbinta, kunnenta a buɗe kamar na zomo, ko za ta ji ɗanta ya zubar da mutuncin dangi.

Mutumin da aikinsa shi ne ɗauko magana daga wani baki ya kai ta wani, shi ne ya rasa yaren da zai yi magana da 'yarsa. Da Hausa kunya, da Fulatanci kunya ta fi haka, da Turanci kuma Goggo za ta ce boko ya lalata shi. Sai ya zauna ya yi wani tunani da har yau nake mamakinsa: kunya ta kakanni ce, kuma kakanni ba su bar doka a kan yaren da ba su taɓa ji ba. Saboda haka ya ƙera nasa.

Ba shirme ya yi ba, irin wanda yara ke yi su juya kalmomi baya. Aiki ya yi na mai sana'a. Da sauti ya fara. Ina ƙarama harshena ba ya iya "r", ina faɗin "luwa" a maimakon ruwa, "ts" da "ƙ" ma sai na yi da gaske. Baffa ya tsame su duka ya zubar, ya ce yare ba zai zo ya wahalar da mai shi ba. Kowace kalma sai ta ƙare da baki a buɗe, kuma ba ta wuce gaɓa uku, don kada numfashin yarinya ya yanke a tsakiya.

Kalmomin su suka fi ba shi wuya. Sharaɗinsa shi ne kada ko ɗaya ta yi kama da ta wani yare, domin idan Goggo ko wani baƙo ya gane kalma guda, asiri ya tonu, kunya ta dawo. A Bauchi kuwa wannan ba ƙaramin aiki ba ne, garin da kowane baki ke ɗauke da yare biyu ko uku. Dabarar da ya samo ita ce kasuwa. Idan ya ƙago kalma, sai ya bi ta kasuwar Wunti a hanyarsa ta dawowa daga aiki, ya tsaya kusa da masu nono ya faɗe ta kamar yana magana da kansa, ya matsa wajen masu doya ya sake faɗa, ya gangara wajen masu kayan mota ya maimaita. Idan wani ya waiwayo, kalmar ta faɗi jarrabawa. Idan babu wanda ya kula, sai ya zo mini da ita gida kamar tsaraba. Ban san mutum nawa suka ɗauka tafintan kotu ya fara taɓuwa ba.

Tsarin jimlar ma da gangan ya gina shi. Babu bambancin "shi" da "ita". Yakan yi dariya ya ce dama Kanawa suna tsokanar mu da "yarinya ya zo", to a yarensa dai babu mai kama shi da laifi. Babu kuma hanyar ba da umarni. Ba za ka iya ce wa mutum "tashi" ko "kawo" ba, sai dai ka ce "da an kawo, da na ji daɗi". Ya ce ya gaji da jin umarni a kotu. Sannan ya yi wata kalma, "nolu", wadda ke nufin "mu", amma mu biyu kaɗai, mai magana da wanda ake wa magana, babu na uku. Gaisuwarmu daga ita ta fito. Idan ya shigo zaure ya jingine kekensa, sai ya ce, "Nolu dime?" wato, mu biyu muna nan? Ni kuma in amsa, "Dime." Ya raɗa mini suna a ciki, Ilema, kuma da shi yake kirana a gaban kowa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Goggo takan taɓe baki ta ce, "Tsuntsaye sun fara." Abin da ba ta ji ba, ba ta da hurumin hana shi.

A cikin wannan yare Baffa ya gaya mini cewa yana alfahari da ni ranar da na gama makarantar horon malamai. A cikinsa ya lallashe ni ranar da za a kai ni gidan miji a Gwallaga, ƙannena suna tsaye suna dariyar abin da suke kira wasan Baffa da Adda, wato ni babbar yayarsu. Bai taɓa rubuta shi ba, ya ce abin da aka rubuta na kowa ne. A asibiti, kwanakinsa na ƙarshe, ya buɗe ido ya gan ni cikin masu dubiya, ya tambaye ni gaisuwar nan da muryar da ta kusa ƙarewa, na amsa masa. Daga ranar ban sake furta kalma ɗaya ta yaren ba, don babu wanda zan faɗa wa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu uwa za ta ɗora hoton ɗanta na fari a waya ranar haihuwarsa, ta jero masa kalaman ƙauna duniya tana gani. Na san zai fara kawar da kai. Amma tafinta ne, ba zai daɗe ba zai lura cewa kusan duk da Turanci ake rubuta su, ko da uwar ba ta haɗa jimla biyu da Turanci a gidanta. Zai gane dabararsa ce mutane suka tarar, sun gudu zuwa yaren da kunya ba ta bin su can. Sai dai ina jin zai girgiza kai ya ce zanen aro ba ya rufe katara, domin kalmar da kowa ke faɗa wa kowa ba ta da nauyi a kunnen yaro.

To ni fa? Ni malamar makaranta ce, kuma duk Gwallaga an san bakina ba ya hutawa. Idan ana biki ni ake miƙa wa lasifika. Ina da 'ya'ya huɗu, ukun ina kiran sunansu daga nan har bakin titi, ina jan kumatunsu, ina yi musu kirari. Babban kuwa, ɗana na fari, wanda aka sa wa sunan Baffa, nauyi biyu ya haɗu a kansa, na ɗan fari da na sunan uba. Ko "Abba" da kowa ke ce masa ban iya faɗa ba. "Ku ce wa yayanku abinci ya sauka." "Ku tambayi wancan ko ya biya kuɗin makarantar." Haka muka yi ta tafiya har ya gama jami'a. Babu Goggo a tsakar gidana, babu mai sa mini ido, mijina ma har tsiya yake mini a kan abin. Ni na ɗora wa kaina, ina ce wa zuciyata ai ya sani, labarin zuciya a tambayi fuska.

A taron bana, bayan an shafa addu'a, ƙannena suka shiga tuna Baffa. Wannan ta ce yakan goya ta a keke, wancan ya ce yakan sayo masa rake. Sai ƙanena Sa'idu, wanda ba a raba shi da tsokana, ya dube ni ya ce, "Adda dai ita aka bari a baya. Har Baffa ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba." Ɗana yana gefe yana naɗe tabarma. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ashe gado ne." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma na ji yadda ya faɗe ta, kuma ba muryar mai wasa ba ce.

Na koma gida ina juya maganarsa a raina. Na ji kunyar Baffa, domin na bar 'yan uwana da ɗana suna ɗauka ya hana ni abin da ya ba ni fiye da kowa. Na ji kunyar yaron nan, wanda saura 'yan kwanaki ya tafi Kudu bautar ƙasa, zai kuma tafi da yaƙinin cewa uwarsa shiru kawai ta gada ta miƙa masa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni na rarrafa. Na ɗauki kunyar Baffa na bar dabararsa.

Na zauna in tattaro yaren, a nan kuma wata kunyar ta same ni. Na tuna kalmar ruwan sama, na tuna ta akuya da ta takalmi. Ta "gobe" ta ɓace, ta "yi haƙuri" ma haka, kuma na kasa haɗa jimla mai tsawo. Mutum ya yi shekaru yana yawo a kasuwa yana zaɓo mini su ɗaya bayan ɗaya, ni kaɗai aka ba ajiyar, na bar ta ta zube.

Ranar tafiyar ɗana na raka shi tasha da safe, abin da ban saba ba. Ana ɗaura kaya a mota na ja shi gefe, kusa da mai shayi. Da ƙyar na ba shi labarin, a gutsure, ina kallon takalmansa. Na ce kakansa ya kira ni, ya kira ni fiye da yadda ya kira kowa, sai dai da yaren da ya yi mana. Sannan na ce masa, "Nolu dime?" Ya ce, "Mama, me ake amsawa?" Na gaya masa. Ya faɗa a karkace, na gyara masa, ya sake. Direba yana ta danna oda, sai ya juyo ya ce, "To ni mene ne sunana a yaren?"

Babu. Suna ɗaya Baffa ya ƙera, nawa. Na ce masa ya ba ni lokaci.

Idan aka ce in auna abin da ya rage na Baffa, gidan yana nan, kekensa yana rataye a ɗakin ajiya, yarensa kuwa kaɗan ya saura, kuma laifin ba nasa ba ne. Amma ƙa'idodinsa suna kaina: babu "r", ba a wuce gaɓa uku, a ƙare da baki a buɗe, kada kowa ya waiwayo. Duk wanda ya ga wata malama kwanan nan tana bi ta kasuwar Wunti tana magana ita kaɗai, ya yi mata uzuri, suna take nema. Na gwada wasu, mai nono ta waiwayo a ɗaya, sauran kuma ba su dace da ɗana ba.

Jiya ya aiko mini da saƙon murya daga can, kalma biyu kacal, kuma ya faɗe su daidai. Na amsa masa. Kafin in samo sunan da na yi masa alkawari, akwai wanda ya riga ya mallaka tun ranar da aka yanka masa rago, wanda ban taɓa bari ya fita daga bakina ba. Zan rubuta shi a nan inda kowa zai gani. Sunan ɗana Usmanu. Allah Ya tsare mini shi, Ya ji ƙan mai sunan.