Sa Hannun da Na Hana Hajara

A watan nan ƙanwata Hajara take cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yanta a gidana mu yi mata addu'a, mu ci abinci, su yi ta ba da labarin barkwancinta, ni kuwa in zauna shiru kamar wani dattijon kirki. Bana na ga shirun ya isa haka. Na haura saba'in, gwiwoyina sun fara gardama da sujada, kuma akwai laifin da na yi mata a Alƙahira wanda 'ya'yan nata ma ba su sani ba. Gara su ji shi daga bakina tun ina da rai.

Tun da na ajiye aikin koyarwa na zama mai kallon ƙwallon kwando ta mata a waya, abin da abokaina na majalisa suke yi mini tsiya a kai, wai malamin fiƙihu guda ya ƙare a kallon tsalle-tsalle. Ban taɓa gaya musu dalili ba. A can nake jin muhawarar da ake yi kan 'yan matan jami'o'in ƙasashen waje, waɗanda yanzu yarinya kan bar makarantarta ta koma wata idan ta ga can ya fi mata. Masu sharhi sun rabu biyu. Wasu na cewa manyan makarantu suna kwashe gwanaye, ƙananan su koma wurin shan kashi, har mutum ya san wanda zai ci tun kafin a busa. Wasu kuma na cewa yarinya ba kujerar aji ba ce da za a kafe ta wuri guda. Ni duk lokacin da na ji wannan musu, Hajara nake gani a tsaye da takarda a hannu.

Na isa Alƙahira a tsakiyar shekarun saba'in, da gurbin karatun shari'a. Mu uku muka kama ɗaki a hawa na huɗu a unguwar Abbasiya, muna rayuwa a kan wake da gurasa da dogon buri. Bayan shekara uku Baba ya turo Hajara ta karanci aikin malanta a wata ƙaramar kwalejin 'yan mata mai ɗakin kwana. Baba ɗan kasuwa ne a Katsina, yana sayar da kofunan shayi da farantai da turare, kuma yawancin kayansa daga kasuwar Ataba ta Alƙahira suke zuwa ta hannun alhazan da ke kai da kawo. A wasiƙar da ya haɗo ta da ita layi ɗaya ya rubuta game da ita, cewa ga amana nan ya sa a hannuna. Kwalejin ma sunana ta rubuta a matsayin waliyyinta. Ko fita yawon makaranta za a yi, sai na sa hannu.

Hajara doguwa ce ta gaske. A gida tsokanarta muke yi da tsawon, ita ce mai sauko da kaya daga kan kabad, kuma ta saba tafiya a ɗan sunkuye don kada ta kere sa'o'inta. A kwalejin nan ne aka fara ce mata ta miƙe. Suna da fili na siminti a bayan ɗakin girki, kwando ɗaya ma ya karkace, kuma ƙungiyarsu ta yi suna wajen shan kaye. Malamar wasanninsu ta miƙa mata ƙwallo a makon farko. Kafin shekara ta zagayo sun fara cin makarantun da suke sa'o'insu, abin da aka ce ba a taɓa gani ba.

Sau ɗaya tak na ga wasanta. Wata Alhamis ce da la'asar, na je da sunan kai mata saƙon gida, na tsaya a bayan waya. Tana sanye da dogon wando, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana gudu tana ƙwala wa 'yan uwanta kira da Larabcin Masar wanda ya fi nawa daɗi. Na ga ta tashi sama ta cafe ƙwallo a kan 'yan mata uku, ta juya ta zura, ta sauko tana dariya. Wallahi ban taɓa ganin ƙanwata tana farin ciki irin na ranar ba. Zuciyata ta cika da alfahari. Da ta zo wurina tana haki tana jiran in ce wani abu, abin da ya fito daga bakina shi ne ta rage tsalle, mace ce ita.

Ƙarshen shekararta ta biyu wata babbar makarantar horar da malaman wasanni ta 'yan mata ta neme ta. Su ne manyan gari a lokacin, da zauren wasa mai rufi da katako a ƙasa. Mai horar da su, wata mata mai furfura da ake kira Abla Nadiya, da kanta ta hau benenmu hawa huɗu, Hajara na biye da ita. Muka rasa inda za mu sa ta, muka kawar da littattafai daga kan kujera ɗaya tilo da muke da ita, na dafa mata shayi.

"Ya ustaz," in ji ta, "ƙanwarka ta gama koyon duk abin da za ta koya a inda take. Babu mai tare ta a can. Ka ba ni ita ta sha wuya a hannun waɗanda suka fi ta, sannan mu ga abin da Allah ya ajiye a jikinta."

Ta ce karatun malanta zai ci gaba, wurin kwana akwai, dogon wandonta da ɗankwalinta ba mai taɓa su. Ta ajiye takardar sauya makaranta a kan tebur, ta ce akwai wata guda kafin a rufe. Sa hannun waliyyi kawai ya rage.

Bari in faɗi abin da ya hana ni, don na daɗe ina yi masa kwalliya. Wasannin babbar makarantar nan masu ɗaukar hoto na zuwa, jaridu na bugawa. 'Yan kasuwar Ataba kuwa da tsohuwar jarida suke naɗe kaya, kowane kofi da fallensa, don kada ya fashe a hanya. Na sha taya alhazanmu ɗaurin kwali, na san aikin. Sai na riƙa hango Baba a rumfarsa, abokansa na zaune, ya warware kofi ya ga 'yarsa a sama hannu a miƙe, maza cike da benci a bayanta. Tunanin nan ya hana ni sukuni. Amma wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne a lokacin ni nake jan salla a benenmu, ɗalibai sun fara ce mini malam, kuma na san yadda magana take tashi daga Abbasiya ta isa gida a cikin kaset kafin mai ita ya sani. Sunana nake karewa.

Akwai alhajin da zai tashi zuwa Kano a makon, wani kuma zai dawo kafin wata ya ƙare. Wasiƙa za ta je ta dawo da amsa a kan lokaci. Na ɗauki alƙalami sau biyu. Amma da wane baki ɗa zai tambayi mahaifinsa ko 'yarsa ta je ta yi tsalle a gaban jama'a? Kunya ta kama ni, irin kunyar da aka rene mu da ita, wadda muke ɗauka ladabi ce ko da ta cuci wani. Sai na yanke wa Baba hukunci da kaina. Da Hajara ta zo ranar Juma'a na ɗaure fuska na ce mata Baba ba zai yarda ba, khalas, an gama, kada ta sake tayar da maganar.

Ta dube ni, ta ce, "To, Yaya." Ta ɗauki takardar ta ninke ta sa a jaka. Na raka ta tashar bas, ta hau, ba ta waiwayo ba.

Shekara biyu ta ƙara a ƙaramar kwalejinta. Sun ci gaba da cin na kusa da su, 'yan matan da a da suke ɓuya idan an ce wasa suka fara rububin shiga. Sau ɗaya gasa ta haɗa su da babbar makarantar, aka lallasa su, don mutum ɗaya ba ya tare biyar. Ban je ba. Daga baya na ji cewa Abla Nadiya ta tsallaka fili ta rungume ta bayan an tashi. A farkon shekarun tamanin Hajara ta koma gida da takardar malanta, ta yi aure, ta kama aiki a makarantar 'yan mata, ta sa wani maƙeri ya lanƙwasa mata ƙarfe aka kafa kwando a jikin bango. Ba ta taɓa daina gaishe ni da ladabi ba, ba ta taɓa ambaton takardar nan ba.

Ni kuwa na samo wa kaina hujja, na riƙe ta shekara da shekaru. Nakan ce da ta tafi, da ƙaramar kwalejin ta koma gidan jiya, da 'yan matan can sun watse. Nakan ce idan kowace gwana ta bi manya, wa zai rage wa ƙanana? Hujjar ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta yi mini daɗin riƙewa. Har yau idan na ji mai sharhi yana kukan yadda manyan jami'o'i ke tsotse ƙanana, sai in ji kaina yana gyaɗawa kafin in ankara. Ina so su yi gaskiya ne don in samu mafita. Amma ban ƙi sa hannu don 'yan matan kwalejin ba, ko sunan ɗaya daga cikinsu ban sani ba.

Me Hajara za ta ce da ta ga zamanin nan? Na tabbata dariya za ta fara yi, ta ce yaran yanzu ko jakarsu ba sa gama kwancewa. Za ta ji wa ƙananan makarantu zafi, don a irinsu ta ƙare rayuwarta, kuma ta san ciwon ka raini yarinya shekara uku wata makaranta ta zo ta ɗauke ta da rana tsaka. An yi mata haka ba sau ɗaya ba. Takan zo gidana ta zauna ta yi ta mita, ta ce an sake yi mata sata. Amma ita ce da hannunta take rubuta wa yarinyar takardar yabo, wani lokaci har ta shiga mota ta je ta lallashi uban. A lokacin ina ganin kirki ne kawai irin nata. Ban haɗa shi da kaina ba.

Sai a ciwonta na ƙarshe na gane. Na je duba ta wata rana da hantsi, na tarar an ba ta magani ta ɗan samu sauƙi, yaran sun fita. Na ga dama ce ta neman gafara. Amma dattijo mai girman kai ko gafara zai nema sai ya naɗe ta da uzuri. Na ce ta yafe mini abin da ya faru a Masar, ta dai san halin Baba, ba yadda na iya.

Ta yi murmushi, ta ce, "Yaya, ka daina jingina wa Baba. Na tambaye shi."

Ta ce bayan dawowarta da 'yan shekaru, lokacin da idon Baba ya fara rauni tana zuwa karanta masa wasiƙu, ta ba shi labarin kamar da wasa. Baba ya ce shi ya tura ta Masar ne ta koyo abin da babu a gida, me ya sa ba wanda ya tambaye shi? Ya so ya kira ni, ta roƙe shi ya bari, don ta ce abin ya riga ya wuce, ba ta son ya ɓata tsakaninmu. Baba ya rasu bai ce mini komai ba. Ita ma ta riƙe maganar kusan shekara talatin, tana kallona ina kawo hujja a kan hujja.

Na tambaye ta ko ta yi baƙin cikin kofunan da ba ta ci ba. Ta girgiza kai.

"Kofi me? Wataƙila ma da na je, benci zan ɗumama. Ni abin da ya tsaya mini, har yau ban sani ba ko na iya. Na yafe maka tun tuni, Yaya. Amma na so in sani."

Bayan kwana tara ta rasu.

Idan aka tambaye ni abin da ta bari, akwai na nunawa. Akwai 'ya'ya biyar masu tarbiyya, akwai mata da yawa a garuruwa daban-daban waɗanda ita ta fara ce musu su miƙe tsaye su daina jin kunyar tsawonsu, wasunsu suna horar da wasu yanzu. Duk wannan nata ne, da ƙarfinta ta gina shi a ɗan wurin da na bar mata. Ba ni da rabo a ciki, kuma na daina fakewa da shi.

Muhawarar manya da ƙanana kuwa na bar wa masu ita, wataƙila duka ɓangarorin suna da gaskiya. Abin da na sani shi ne an ba ni amanar yarinya mai shekara ashirin, ta zo da tambaya guda game da kanta, wadda fili ne kawai zai iya amsa mata, ni kuma na hana a amsa don kada a yi da ni a Abbasiya. Ta yafe, na kuma yarda ta yafe. Amma yafiya ba ta kawo amsar ba, ta tafi kabari ba ta sani ba, ni ma ba zan taɓa sani ba. Allah ya haskaka makwancinki, Hajara, ya ba ki abin da yayanki ya hana ki.