Dutsen da Usɗa Ya Taka

Mijin yayata direban tarakta ne, kuma tun ranar da ya iya juya sitiyari ya hana kowa kiransa da sunan yanka. Usɗa za ka ce, wato gwanin sana'a da Larabci, ko ka sha harara. A garinmu Gadarif na ƙasar Sudan, a wancan lokaci, da gonakin inji suka cinye daji har Basunda, direban tarakta sarki ne, amma sarautar ba ta wuce daga ruwan farko zuwa ƙarshen shuka. Abin da ya samu a ɗan tsakanin nan shi gidan yayata ke ci har shekara ta zagayo. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Ƙafar hagun da yake taka kuloci da ita, ita ce ke ciyar da mace da 'ya'ya huɗu.

Bayan tarakta, abin tinƙahonsa ido ne. Wai daga kan kujera yake hango kububuwa a tsagar ƙasa, wai kunama ba ta taɓa ɓoye masa a ƙarƙashin damin riɗi ba. Mun ji har mun haddace. Ni dai ban taɓa ganin ya hango tulun gidansa ya bushe ba.

Gab da wata damina mai gonar da yake wa aiki ya aike shi Bur Sudan sayo kayan gyaran tarakta. Na maƙale masa, don ban taɓa ganin teku ba. Muka hau kan buhunan dawa a bayan lori, muka sauka gidan ɗan kawuna, wanda sana'arsa nutso ce: yakan goya tulun iska ya shiga ƙarƙashin jiragen ruwa yana kankare musu ciki. Ranar Juma'a da sassafe ya kai mu wata gaɓa a wajen gari. Ya ce dole sai da safe, domin rana na dagawa iskar arewa za ta taso, igiyar ruwa ta dama yashi, ko tafin hannunka ba za ka gani ba.

Wurin ba kamar kogi ba ne. Sai ka yi tafiya mai nisa cikin ruwa iya gwiwa, a kan wani fili na yashi da mataccen murjani, kafin ƙasa ta yanke a faɗa zurfi. Ɗan kawuna ya ba kowannenmu takalmin roba mai kauri, ya tsaya yana bayani.

"Usɗa, isma' kwayyis, saurara da kyau. Ba a shiga nan ba takalmi. Ka riƙa jan ƙafa a yashi, kada ka ɗaga. Kuma kada ka taka dutse, ko wane iri ne. Akwai kifin dutse, ni kaina sai na ƙura ido nake gane shi."

Usɗa ya yi wata dariya ta hanci. "Ya zol, kai malam, ni za ka koya wa kallon ƙasa? Ni da nake ganin maciji cikin duhun dawa? Khalas, ya isa, ku je ku yi wankanku."

Kayan nutson biyu ne kawai, don haka aka ce ni zan fara, shi ya jira a gaɓa. Aka ɗaura mini tulu mai nauyin rabin buhu, aka cusa mini roba a baki, na bi ɗan kawuna ina jan ƙafa kamar tsohuwa. Da muka nutse tsoro ya kama ni sosai, ba na jin komai sai numfashina. Bai kai ni nesa ba, riƙe yake da hannuna. Ya nuna mini yashi, na duba ban ga komai ba. Ya kaɗa ruwa da hannu, sai yashin ya tashi ya yi gaba: ashe kifi ne mai faɗi kamar kisra, siririyar wainar dawan nan tamu, idanunsa biyu a gefe guda. Ya nuna mini jikin murjani, nan ma ban ga komai ba, har sai da wurin ya sauya launi ya miƙe hannuwa takwas ya shige rami. Can ya ja ni baya da ƙarfi, ya nuna wani mummunan dutse mai gansakuka. Na daɗe ina kallo kafin na gane dutsen yana da baki, kuma bakin yana motsi a hankali. Na fito daga ruwan na san idona bai kai inda nake zato ba.

Muna ɗago kai muka hango Usɗa. Zaman jira ya ishe shi, ya naɗe wando ya shigo filin nan. Takalman roba kuwa ya ɗaure su da igiya ya rataya a wuya.

Duk ɗan Gadarif ya san dalili. Ƙasarmu baƙar laka ce, da damina in ka shiga ruwa da takalmi, to ka yi masa sallama, laka ta haɗiye. Tun muna yara ake dukanmu a kan haka: ka cire, ka rataya a wuya, balle takalmin aro. Kuma in za ka tsallake rafi, kan duwatsu kake bi, ɗaya bayan ɗaya, don kada ka nutse. Haka Usɗa yake tafe, yana ɗaga ƙafa yana zaɓen dutse, fuskar nan cike da isa, kamar mai nuna wa teku yadda ake yi. An gaya masa da Hausa, an gaya masa da Larabci. Amma wanda ya riga ya san komai, ina za a zuba masa sabon abu?

Ɗan kawuna ya tofar da robar bakinsa ya ƙwala ihu: "Usɗa, agif! Tsaya inda kake!"

Ya ɗaga mana hannu, wai mu kwantar da hankali, ya ɗora ƙafar hagu a kan dutse na gaba.

Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan kururuwa ba. Muka jawo shi gaɓa yana birgima yana kiran uwarsa, yana roƙon a sare ƙafar a huta. Ɗan kawuna ya ruga wajen wasu masunta ya karɓo ruwan zafin shayinsu, ya sirka, ya tsoma ƙafar a ciki, don kifin dutse ya taka, kuma zafi yana karya dafinsa. Daga nan sai asibiti. Rai ya tsira, amma ƙafar ta kumbura har gwiwa, tafin ya yi baƙi, naman wurin ya riƙa zubewa. Na ji tausayinsa a ranar, ba zan ɓoye ba. Tausayin bai kai Gadarif ba ya ƙare.

Mun dawo ruwa ya riga ya sauka. Laka ba ta jiran kowa: in ta sha ruwa ta ɗan tsane, a ranar ake shuka, in aka yi sake sai baɗi. Mai gonar ya zo har gida ya duba shi, ya yi addu'a, ya sha shayi, washegari ya ɗora wani a kan taraktar. Ba wanda ya zargi mai gonar.

Shi kuwa Usɗa aka fitar masa da gado ƙofar gida, ya miƙe ƙafa a kan matashi, ya buɗe sabuwar sana'a. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labari. Da farko kifi ne mai ƙaya. Kafin tsakiyar damina ya zama dodon ruwa mai girman ɗan maraƙi, wanda ya biyo shi daga zurfi, shi kuma ya hango shi tun daga nesa ya tare shi da ƙafa don kada ya kai gare ni. Har godiya wasu suka ce in yi masa. In na buɗe baki sai ya ce, "Kai yaro ne, tsoro ya rufe maka ido." Ba ya tambayar daga ina kisrar da ake ajiye masa take fitowa.

Ni ma ban tambaya ba, sai da lokacin yankan riɗi ya zo. Wata safiya na bi ta bakin kasuwa, inda lorori ke ɗibar 'yan ƙwadago zuwa gonaki. Mutane cunkus, kowa da laujensa da ƙullin guzuri. Cikin matan da ke jiran hawa na ga wata tsayuwa da na sani. Yayata ce, wadda tun aurenta ba ta taɓa yi wa wani aikin gona ba. Babbar 'yarta na gefenta riƙe da jarkar ruwa.

Na ce, "Yaya?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali, "Wuce abinka. Kuma kada ka gaya masa, shi ya ɗauka gidan Inna nake zuwa taya aiki."

Yaron mota ya buga jikin lori, ta miƙa wa wata mata laujenta, ta kama ƙarfe ta hau.