Kilo Ɗaya da Yaya Sani

Ni ne ban kyauta ba, kuma na sani tun ranar.

Muna yara a unguwar Nima, zafin ɗaki yakan koro mu tsakar gida da magariba. Kakarmu Adiza na gaban murhun gawayi tana gasa masara. "Ku matso," takan ce, "tatsuniya ba ta son nesa. Kai Garba, gajeren banza, cire hannu daga wuta." Ni ne Garban.

Akwai wadda take yawan maimaitawa. Wani falke ya taso daga Salaga da goro, da jakai biyu, dogo da gajere. Ya raba kayan daidai, ya ɗora wa kowanne. Dogon ya kai gida lafiya. Gajeren ya durƙushe a hanya, bai sake tashi ba. Falke na kuka yana cewa ai adalci ya yi. Kaka sai ta yi tsaki: "Adalcin wawa! Ya auna kaya, bai dubi mai ɗauka ba."

Dariya kawai muke yi.

Bara gwiwoyina suka fara ƙin sujada. Matata Hajara ta ja ni asibiti. Nas ta auna nauyina, ta auna tsayina, ta yi lissafi da su biyun, ta ce lambar da ta fito ta nuna ƙibata ta wuce ƙima. Na ce ni da yayana Sani kilonmu ɗaya, shi ba wanda ya dame shi. Ta tambaya, "Tsayinku ɗaya?" A kafaɗarsa nake tsayawa.

Hajara ta rage mini wake da shinkafa, ta hana ni ƙosan yamma. Rannan na ture kwano a gaban matan gida, na ce ta gaji da ni, yunwa take so ta kashe ni. Ta kwashe abincin daga ƙasa. Tun daga nan ta koma cika mini kwano, ta daina yi mini magana.

Yanzu a kan kujera nake salla, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka girmi mahaifina. A nan tatsuniyar Kaka ta riske ni. Ni ne falken, ni ne kuma jakin, kuma na gaji.

Jiya na sami Hajara tana wanki. Na daɗe a tsaye.

"Maman Aisha," na ce, "ke kike son na rayu, ni na kunyata ki. Ki yafe mini. Ki rage abincin."